Nauyin da ke riƙe da taurari, da masu neman sa da alƙalami

Assalamu alaikum. A shekarun 1970, wata masaniyar taurari a Amurka, Vera Rubin, ta auna gudun taurarin da ke can bakin gungun taurarin da ake kira Andromeda. Bisa lissafi, kamata ya yi na gefe su riƙa tafiya a hankali. Sai ta tarar gudunsu bai ragu ba. Duk wanda ya taɓa wulwula majajjawa ya san in gudu ya fi ƙarfin igiya, dutse tafiyarsa zai yi. To taurarin nan ba su watse ba. Ke nan akwai wani nauyi da ke riƙe da su, wanda ba ya ba da haske, ba ya kuma tare shi. Wani masanin taurari, Fritz Zwicky, ya hango haka tun 1933.

Wannan ɓoyayyen abu, da ake kira dark matter da Turanci, ya kai kusan kashi 27 cikin 100 na abin da ke sararin samaniya. Mu da duwatsu da taurari gaba ɗaya, kashi 5 ne kacal.

Ana zaton wata 'yar ƙaramar ƙwaya ce, amma wace iri? Nan aikin masanin fiziks na nazari yake. Da lissafi yake fayyace nauyin ƙwayar da yadda za ta yi karo da zarra, sannan masu gwaji su duba, wasu a cibiyar gwaje-gwaje ta CERN kusa da Janiba, wasu a ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya. Aikin sai mai haƙuri. A 1964 Peter Higgs ya rubuta hasashensa kan wata ƙwaya daban, sai 2012 aka ga ƙwayar.

Ɗan'uwa ɗalibi da ke Samaru, abin da nake so ka riƙe shi ne wannan fanni lissafi yake nema a wurinka kafin na'ura. Ka dage da shi tun ajin farko a ABU. Takardun bincike kyauta ake karanta su a shafin intanet na arXiv. Cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da Abdus Salam ya kafa a birnin Trieste na Italiya tana ba ɗaliban ƙasashe masu tasowa difloma ta shekara ɗaya, da tallafin kuɗi.

Hanyar dai doguwa ce. Bayan digirin digirgir akwai aikin bincike na kwantiragi, shekara biyu ko uku a wata ƙasa, sannan a sake neman wani, kuma gurbin dindindin kaɗan ne. Ki ji, 'yar'uwa, da ke ma nake. Ku sami malamin da zai karanta aikinku da kyau, don wasiƙar shaidarsa ce za ta raka takardunku zuwa Trieste.