Karen Bana Shi Ke Maganin Zomon Bana

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai tsallaka teku zuwa Amurka, ga ƙwallon ƙafa irin tasu, wadda ake runguma a ƙirji a ruga da ita, ƙattai suna tarewa ana ture-ture. Ranar Asabar mai zuwa, 29 ga Nuwamba 2025, Jami'ar Mishigan za ta karɓi baƙuncin Jami'ar Jihar Ohayo a garin Ann Arbor, a filin da ke cin mutum 107,601. Tun 1897 makarantun nan biyu suke karawa, kuma gabarsu ta gado ce, kaka ya bar wa uba, uba ya bar wa ɗa.

Kwana da kwanaki ina bin musun magoya bayan ɓangarorin biyu, kuma gaskiya maganar mutanen Mishigan ta ishe ni. Ka tambayi ɗayansu dalilin da ya sa yake ganin za su ci, sai ya ɗaga maka yatsu huɗu. Mun ci a 2021, mun ci a 2022, mun ci a 2023, mun ci a 2024. Shi ke nan hujjar. Ka ce masa to bana fa, wa zai tare wa, wa zai jefa wa, sai ya sake ɗaga yatsun. Haba jama'a! Yatsu huɗu ne za su shiga fili ranar Asabar?

Babu mai musun nasarorin. A 2021, ana zubar dusar ƙanƙara, Mishigan ta ci 42 da 27, inda Hassan Haskins shi kaɗai ya kai ƙwallo bayan layin ƙarshe sau biyar. A 2022 ta bi Ohayo har gida ta ci 45 da 23. A 2023 aka tashi 30 da 24, kuma daga nan ta zarce ta ɗauki kofin ƙasa a Janairun 2024. Duk sun faru. Tambayata ɗaya ce: ina waɗanda suka yi wannan aikin? Haskins ya daɗe da barin makaranta. J.J. McCarthy, mai jefa ƙwallon da ya jagoranci ɗaukar kofin, yana Minnesota cikin ƙwararru. Blake Corum, mai gudu da ƙwallo, yana Los Angeles. Shi kansa mai horarwa Jim Harbaugh ya tattara ya koma ƙungiyar ƙwararru ta Chargers. Rigar ce kawai ba ta canza ba, shuɗi da ruwan ɗorawa, amma waɗanda ke cikinta wasu ne daban.

Wannan ita ce ɗabi'ar ƙwallon jami'a, kuma duk mai binta ya san haka. Ɗalibi kaka huɗu yake da ita a ƙa'ida, gwani kuwa yana cika shekara uku sai NFL, gasar ƙwararru, ta ɗauke shi. Tun daga 2021 an sassauta wa 'yan wasa sauya makaranta, saboda haka kowace shekara ƙungiya sabuwa ake ɗinkawa. Bahaushe ya gama magana da ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Karen 2021 ya yi farautarsa ya wuce.

Yanzu bari mu zauna kan wasan bara, don shi ne suka fi riƙewa, kuma shi ne ya fi ruɗar mutane. Ranar 30 ga Nuwamba 2024 Mishigan ta je Kolambus, gidan Ohayo, da nasara shida da rashin nasara biyar, masu hasashe sun ba Ohayo rinjayen kusan maki 20, amma aka tashi 13 da 10 Mishigan ce a sama. Abin mamaki ne, na yarda. To amma a dubi yadda aka yi. Mai bugun Ohayo ya ɓarar da bugu biyu, kowanne mai maki uku, a wasan da aka rabu da tazarar maki uku. Will Howard, mai jefa ƙwallon Ohayo, ya jefa ƙwallo sau biyu ta faɗa hannun abokan karawa. Masu horar da Ohayo suka nace sai sun ratsa ta tsakiya, inda masu tsaron Mishigan, Mason Graham da Kenneth Grant, suke tsaye kamar ganuwa, suka yi ta kai kansu ana mayar da su. Kalel Mullings na Mishigan ya yi ta kutsawa da ƙwallo har ya kai ta inda Dominic Zvada ya buga ta ƙarshe saura daƙiƙa 45. Yau Graham yana Cleveland, Grant yana Miami, Mullings ma ya tafi. Ganuwar da ta ci wasan bara an kwashe tubalanta. Kuma kada a manta, waccan Ohayo da aka doke ba ta kwanta ba, ta tashi ta ɗauki kofin ƙasa ranar 20 ga Janairun 2025, ta doke Notre Dame 34 da 23.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, da hujjar yatsu tana aiki, da Mishigan ba ta taɓa samun yatsa ko ɗaya ba. Daga 2012 zuwa 2019 Ohayo ta ci wasan nan sau takwas a jere. A 2018 ta zuba wa Mishigan maki 62, a 2019 ta ƙara mata 56. A lokacin mutanen Ohayo ma haka suka riƙa ɗaga yatsu, har takwas, kuma yatsun ba su hana Haskins ratsa su ba a 2021. Wanda ya ga haka da idonsa, ta yaya zai dawo yau ya jingina da abin da ya kayar da abokin gabarsa?

To mu dubi karen bana. Zuwa wannan karawa ta Nuwamban 2025, Ohayo ta buga wasa 11 ta ci 11, ita ce ta ɗaya a ƙasar. Ta buɗe kakar da doke Texas 14 da 7, kuma a duk wasannin nan babu ƙungiyar da ta ci ta fiye da maki 16. Ita ma ta yi asarar manyan 'yan wasanta da masu tsara mata dabaru bayan ɗaukar kofi, amma waɗanda take da su sun nuna aikinsu mako bayan mako: Julian Sayin yana jefawa, Jeremiah Smith yana cafewa, Caleb Downs yana tsare baya. Mishigan kuwa ta ci tara ta faɗi biyu. Oklahoma ta doke ta 24 da 13, USC, wato Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ta doke ta 31 da 13. A tsakiyar Nuwamban 2025 da ƙyar ta tsira a hannun Northwestern, 24 da 22, bayan ta zubar da ƙwallo sau biyar. Ka ba Ohayo ƙwallo kyauta sau biyar ka ga abin da zai biyo baya. Mai jefa ƙwallonta, Bryce Underwood, yaro ne mai baiwa, ba na raina shi ko kaɗan, amma shekararsa 18 a kakar 2025, kuma wannan ne karonsa na farko a wannan karawa. Nasarorin nan huɗu duk yana makarantar sakandare aka yi su. Zalunci ne a ɗora masa su a ka a ce ya biya.

Akwai wuri ɗaya da nake jin tsoron maganata. Mutum ɗaya bai canza ba a duk shekarun nan, shi ne Ryan Day, mai horar da Ohayo. Zuwa 2024, sau biyar ya kara da Mishigan, sau ɗaya ya ci. Bara an ga yadda ya ɗaure kansa da kansa, ya bar abin da yaransa suka iya ya koma ƙoƙarin nuna ƙarfin tuwo. Idan tsoron nan ya biyo shi Ann Arbor, ga sanyin ƙarshen Nuwamba, ga ihun mutum fiye da dubu ɗari, komai na iya faruwa. Da wannan hujjar mutanen Mishigan suka kawo, da na saurare su da kyau. Da sun ce layinsu na gaba zai buɗe wa mai gudu da ƙwallonsu, Jordan Marshall, hanya, su riƙe ƙwallo su cinye lokaci, su hana Sayin taɓa ta, da mun zauna mun yi musu na ilimi. Amma yatsu huɗu? A'a.

Ni dai ina ganin Ohayo ce za ta ci, kuma da tazarar da ta wuce maki bakwai. Abin da zan sa wa ido shi ne rubu'in farko na wasan: ko Mishigan za ta iya gudu da ƙwallo a kan wannan tsaro, da kuma ko Day zai bar Sayin ya jefa wa Smith tun da wuri. Za a take wasan da ƙarfe 12 na rana agogon gabashin Amurka, wato ƙarfe 6 na yamma agogon Najeriya da Nijar.