Ɗakin Yusufu na Arimatiya ya ɓata mini rai

Jama'a, barkanku da war haka. Ku yi haƙuri da duhun hoton nan, ba laifin wayata ba ne, haka wurin yake. Ina cikin Cocin Kabari Mai Tsarki a tsohon birnin Urushalima, kuma gaskiya raina a ɓace yake. Can gaba layi ya naɗe har ya zagayo, kowa na jiran a ba shi ɗan lokaci a kabarin Yesu. Ni kuwa na bi ta baya na faɗo wannan ɗan ɗakin sujada na Kiristocin Suriyani, ko mutum ɗaya babu. Ku dubi bangon, hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin. An ce jayayyar mallaka tsakaninsu da Armeniyawa ce ta hana gyara. Ga wata 'yar ƙofa ƙasa-ƙasa, sai ka durƙusa ka leƙa: ramuka ne da aka sassaƙa cikin dutse, kaburburan Yahudawa na zamanin Yesu. Al'ada ta ce nan aka sa Yusufu mutumin Arimatiya. Mutumin da ya ba da sabon kabarinsa ful aka binne Yesu, dubi inda aka bar sunansa!

Abin da ya ƙara tunzura ni, ɗazu mai yi mana jagora ya ce wai Yusufu da Nikodimu matsorata ne, almajiran ɓoye. To, e, Yahaya ya rubuta a Linjilarsa sura 19 cewa Yusufu almajiri ne a asirce saboda tsoro, Nikodimu ma da dare ya fara zuwa wurin Yesu. A sura 12 har ya ce shugabanni da yawa sun gaskata amma sun yi gum, kada a kore su daga majami'a. Amma ranar Juma'ar da aka gicciye Yesu ina almajirinsa Bitrus? Ina masu bin Yesu da rana tsaka? Ban da matan nan da almajiri guda, sauran sun watse. Yusufu, wanda ya shiga gaban Bilatus gwamnan Romawa ya roƙi gawar mutumin da Roma ta gicciye, ɗan majalisar Yahudawa da ta yanke hukuncin ne, mai kuɗi, mai suna, wanda yake da abin asara. Markus ya ce sai da ya yi ƙarfin hali. Bilatus ma mamaki ya yi wai har Yesu ya mutu, sai da ya kira jarumin soja ya tabbatar. Luka kuma ya ce Yusufu bai yarda da shawarar majalisar ba.

Nikodimu fa, mur da al'ul ya kawo, kayan ƙanshi na shirya gawa, awo wajen 100 na Romawa, sama da kilo 30. Wannan kayan binne sarki ne. Ni da na sayi ɗan ƙullin turare a kasuwa shekel 20 har yanzu ina jin zafinsa. Kilo 30 ba ya shiga aljihu, duk wanda ke hanya ya gan shi.

Kuma a gurguje suka yi komai, don Asabar, ranar hutun Yahudawa, na kamawa da faɗuwar rana, dokar Musa kuma ta hana gawa kwana a kan itace. Wannan mu ba sai an yi mana bayani ba, a gida mutum ya rasu da safe, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Sai na tuna Wusasa, na tuna yadda maƙwabta ke fitowa da diga da shebur ba tare da an kira su ba. Kai, gida daɗi.

Akwai masanan da ke cewa Romawa ba sa sakin gawar wanda aka gicciye, don haka suna shakkar labarin. Amma a 1968 an tono ƙasusuwan wani Yehohanan a arewacin birnin nan, ƙusa na maƙale a diddigensa, an kuma binne shi a kabarin dangi. Ashe dai ana saki. 'Yan'uwana Musulmi da ke kallo, na san fahimtarku kan gicciyen Annabi Isa daban ce, ba gardama na zo yi ba. Abin da zai burge ku, mabuɗin cocin nan yana hannun iyalan Musulmi biyu, Judeh da Nusaiba, ɗaya ke ajiyewa ɗaya ke buɗewa.

In kun zo, ku fito da asuba, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke mutane. Ku rufe kafaɗa da gwiwa. Kada ku yarda mai jagora ya ja ku kai tsaye zuwa Kabarin Lambu, wani wurin da wasu ke cewa shi ne kabarin Yesu, don furanni da iska mai daɗi. Wurin na da kyau, shiga kyauta, amma masu binciken tarihi sun ce kabarin ya girmi zamanin Yesu da ɗaruruwan shekaru. Ku ce sai an kawo ku nan baya tukuna, ku kunna fitilar waya, ku sunkuya sosai don dutsen nan ba ya tausayin goshi. Bari in fita in nemi abin sawa a baki, tun safe shayi kawai na sha.