Wutar Daji da Gidajen Haya na Bakin Gari

Assalamu alaikum. Masu gidaje, dillalai, 'yan haya, sannunku da zuwa. Na baya ku matso, ga kujeru nan. Abu huɗu zan faɗa in Allah ya yarda.

Na farko, tartsatsi. Hunturu ya kama, ciyawa ta bushe ƙamas, wani ya cinna wa daji wuta don ya kama gafiya, ko manomi yana ƙona sharar gona. Mutane na zaton harshen wuta ne ke cin gida. Galibi tartsatsi ne. Iska ke kwasarsa ta watsa shi gaba da wutar, wani lokaci fiye da kilomita guda. A garin Faradais da kewayensa, a jihar Kalifoniya ta Amurka, Nuwamban 2018, mutum 85 suka rasu, gine-gine sama da 18,000 suka ƙone, kuma iska da tartsatsi ne suka riƙa tsallakar da wutar.

To, ina yake sauka? Kan harawar da aka jibge a rufi. Cikin indararon da ganye ya toshe. Jikin zanar da ta manne da bango. Kan tsohuwar katifar nan ta bayan ɗaki, Alhaji na dariya, ya san ta! Saboda haka mita ɗaya da rabi daga jikin bango kada a bar komai mai kama wuta: itace, kara, jarkar fetur ta janareto. Mita ɗaya da rabi, jama'a, taki biyu ne kawai. Daga nan har mita 10 a nome ciyawa, a sare rassan da suka sauko kan kwano. Kafofin shan iska na silin a sa musu ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, kamar milimita 3. Ta roba narkewa take yi.

Wa zai yi aikin? Mai gida ya ce na mazauna ne, ɗan haya ya ce ai ba gidan ubansa ba ne. A rubuta a takardar haya: rufi, raga da wayoyin lantarki na mai gida, shara da ciyawa na mai zama.

Na biyu... ko na uku muke? Ko ma na nawa ne: takardu a jaka ɗaya, wurin haɗuwa a waje, lambar gaggawa 112, a rufe tukunyar gas kafin fita. Inshorar gini kuma ba kasafai take biyan kayan ɗan haya ba.

Na'am Hajiya? Ƙarfen taga? Madalla, wannan ya fi abin da ya rage mini. Hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, kuma mutum yana ganin waje ƙarfe ya tsare shi. Kowane ɗakin kwana a samu taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗewa. Mai walda zai yanke shi ya sa masa hinji da kwaɗo. Makullin a rataye a ƙusa ƙasa-ƙasa, inda yaro zai kai, hannun ɓarawo ba zai kai ba. Kuɗin aikin na mai gida ne, Alhaji, daina kallon agogo.