Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Muhalli a Ziyararsa ga Ƙungiyoyin Unguwanni Masu Yaƙi da Ambaliya a Birnin Tahoua

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Minista, mai girma Gwamnan jahar Tahoua, masu martaba sarakunanmu iyayen ƙasa, shugabannin birni, malamanmu, masu unguwanni, iyayenmu mata da maza, da ku matasan da kuka kwana kuna share wannan fili, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, a madadin ƙungiyoyin unguwannin wannan birni da na ƙauyukan da ke kewaye da shi, waɗanda suka ɗora mini nauyin yin magana da bakinsu, ina yi maka barka da zuwa ƙasar Adar, kai da dukkan tawagar da ta rako ka. Mun san nisan da ke tsakanin Yamai da Tahoua, fiye da kilomita 500 ne, mun kuma san ayyukan da ka bari a ofis ka taso. Ba mu da abin da za mu tarbe ka da shi wanda ya kai matsayinka, sai ruwan sanyi da fura da sakin fuska, amma iyayenmu sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Abin da ya fi faranta mana rai shi ne lokacin da ka zaɓa, domin ka zo tun hadari bai haɗu ba. Mun saba ganin manyan baƙi bayan ruwa ya gama ɓarna, mu tarbe su a cikin taɓo, su yi mana jaje su koma. Yau kuwa ƙasa a bushe take, ana iya zagayawa a ga hanyoyin ruwa da ido, ana kuma iya yin shawara tun da sauran lokaci.

Mai girma Minista, mu mutanen Adar fari muka sani. Ruwan da ke sauka mana a shekara, a matsakaici, bai cika kai milimita 400 ba. Tsofaffinmu da fari da yunwa suke lissafin shekaru, su ce wane an haife shi kafin farin 1973, wance an yi mata aure a yunwar 1984. Addu'armu kullum ita ce Allah Ya ba mu ruwa, kuma har gobe ita ce addu'armu, sai dai yanzu mun koyi ƙarawa da cewa Ya ba mu mai albarka. Damina ta canza hali a gaban idonmu. Sai a yi shuka, ruwa ya ɗauke kwana ashirin har hatsi ya fara ƙonewa, sannan a dare ɗaya sama ta sako abin da a da take rabawa cikin wata guda. Masana suna kiran wannan sauyin yanayi, manomi kuwa cewa yake yi damina ta daina cika alkawari, kuma abu ɗaya suke nufi.

Ba sai na tuna maka da daminar 2024 ba, domin a hannunku alƙaluman suke: kusan mutum 400 suka rasu a faɗin ƙasa, fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi ambaliya ta shafa, tsohon masallacin Damagaram da ya tsaya tun ƙarni na 19 ya faɗi, har sai da aka ɗage komawar yara lakwal zuwa ƙarshen watan Oktoba saboda azuzuwa sun zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe. Kafin nan, a watan Satumba na 2020, kogin Isa ya kai mita 7 a Yamai, ya mamaye unguwar Lamorde da maƙwabtanta. Mu a nan ba mu da kogi, shi ya sa wasu ke mamaki idan an ce ruwa ya ci gari a Tahoua. Namu ruwan daga tudu yake gangarowa. Ya sauka a kan fako da duwatsun da aka sare itatuwansu, bai sami abin da zai riƙe shi ba, ya taru cikin ƙoramu yana ɗauke da yashi da tsakuwa, ya shigo gari ya tarar da magudanai cike da leda, tabkuna irin na Babaye su cika su yi amai, sannan ya nemi tsohuwar hanyarsa, wadda a wurare da yawa mun riga mun yi gini a kanta.

Ka yi mini izini in ba ka labarin dare ɗaya a unguwarmu, domin daga irin wannan dare ne waɗannan ƙungiyoyi suka fito. Ruwa ya sauko bayan sallar isha'i, kafin tsakar dare ya kai gwiwa a cikin lungu, wuta ta ɗauke. Katangar laka ba ta faɗuwa da ƙara tun farko. Jiƙewa take yi daga ƙasa, ta yi taushi a hankali, mutanen ɗaki suna barci. Samarin wata fada da ke shan shayi a bakin titi su ne suka fara bin gida-gida da fitilar wayar salula suna bubbuga ƙofofi. Akwai wata dattijuwa makauniya da ke kwana da jikokinta biyu. Ta ƙi fita, ta ce ba za ta bar buhun hatsinta da akuyarta ba, sai da yaro ɗaya ya goya ta, wani ya ɗauki buhun a ka, na uku ya rungumi akuyar. Ba su kai ƙarshen lungun ba azarar ɗakin ta sauko. Da gari ya waye muka taru a ƙofar mai unguwa, kowa jiƙe, aka ce wannan karon Allah Ya kiyaye, amma ba daidai ba ne a bar ran mutane ya dogara da ko samari sun yi hira a daren ko ba su yi ba. A zaman nan aka rubuta sunan kowane gida mai tsoho, ko maras lafiya, ko mace mai ciki, aka kuma sa wa kowane gida wanda zai fara ƙwanƙwasa shi. Wannan littafi yana nan, za mu nuna maka shi.

Da haka aiki ya faro, kuma ba wani sabon abu muka ƙirƙiro ba, gayya ce irin ta kakanninmu muka tayar, wadda masu shekaru a cikinmu suka sani a zamanin samariya. Tun daga watan Afrilu, duk ranar da aka tsayar, matasa ke shiga magudanai da shebur da diga suna yashe yashi da leda, masu amalanke su kwashe su kai bayan gari. Ana cika buhuna da yashi a jera su a bakin lungunan da ruwa ya saba shiga. Magina na unguwa suna duba gindin katangu su faɗa wa mai gida gaskiya, inda ake buƙatar yaɓe a yi, inda indararo ya toshe a gyara. Idan hukumar hasashen yanayi ta yi gargaɗin ruwa mai yawa, saƙon yakan bi ta WhatsApp da gidajen rediyo, ladanai kuma su maimaita shi a lasifikar masallaci, domin ba kowace tsohuwa ke da waya ba amma kowa yana jin ladan.

A nan dole in tsaya a kan iyayenmu mata, domin in aka cire su babu abin da zai rage. Asusun da suke zubawa duk mako, irin tsarin Mata Masu Dubara da ya faro a jahar Maradi a 1991 ya bazu har wasu ƙasashe, shi ne bankinmu. Daga cikin akwatin nan ake sayen buhuna, daga cikinsa ake ranta wa matar da ɗakinta ya faɗi kuɗin tubali ba tare da an ce ta kawo takarda ba. Su ne kuma ke ɗaukar wahalar da ke biyo bayan ruwa, wadda ba a cika ƙidaya ta ba: kwatamin da ya kwanta ya haifi sauro, zazzaɓi ya kwantar da yara, masai ya cika ya haɗu da ruwan sha, a shiga fargabar amai da gudawa irin wanda ya addabi jaharmu a 2021. Su ke bi suna duba ko an ɗaura sange, su ke sa magani a randuna.

Ranka ya daɗe, ni ɗan kwarin Keita ne, kuma abin da zan faɗa yanzu shi ne zuciyar maganarmu. Lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, yawancin maza sun tafi cin rani Najeriya da Abijan, mata aka bari da ƙasa. Ina yaro na ga mahaifiyata tana ɗaukar dutse a ka, da gammo na tsohon zane, ƙanwata goye a bayanta, tana hawa tudu tana saukowa tun hantsi har azahar, ladanta awon abinci. Da irin waɗannan duwatsu aka yi jeren da ke tare ruwa a gangare, aka gina shingaye a cikin ƙoramu, aka dasa miliyoyin itatuwa a inda ko akuya ba ta tsayawa. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka fara jera dogon yaro don kare gonaki daga iska. A Illela kuwa, wasu manoma sun je Yatenga ta Burkina Faso a 1989, suka ga yadda ake zurfafa rami a zuba taki, suka dawo suka inganta tassarmu ta gado, wato ƙananan ramukan shuka masu riƙe ruwa, har ta kai fakon da ba wanda ke so ya zama abin saye da sayarwa. Duk ruwan da tassa ko rami mai siffar rabin wata ya riƙe a kan tudu, ruwa ne da ya zama hatsi maimakon ya zama ambaliya. Ashe maganin farin da maganin ambaliyar guda ne, kuma a ƙasar nan tamu aka gwada shi aka ga amfaninsa. Abin da ke damunmu shi ne yawancin shingayen nan sun tsufa, wasu yashi ya binne su, wasu ruwa ya fasa su, matan da suka gina su kuma ƙarfinsu ya ƙare. Saboda haka ƙungiyoyin birni suka fara fita suna haɗa hannu da na ƙauyukan da ke sama da mu, domin mun gane cewa wanda ya tsaya yashe magudana kawai, yana jiran ruwa ne a inda ya riga ya fi ƙarfinsa.

Ba za mu ɓoye maka namu laifin ba. Mu ne ke zuba shara a magudana da dare. A cikinmu akwai wanda ya sayi fili a tsakiyar hanyar ruwa yana sane, don ya fi araha, akwai kuma wanda ya sayar masa. Dokar hana ledar da ba ta ruɓewa tana nan tun 2014, amma ka leƙa kasuwa ka gani. Muna faɗa wa junanmu wannan a taro, wani lokaci har rai ya ɓaci, kuma za mu ci gaba da faɗa.

Amma akwai abin da ya fi ƙarfin shebur. Roƙonmu na farko ba kuɗi ba ne, a san da mu ne. Idan za a zana hanyar magudana ko a raba filaye, a kira waɗanda suka tsaya cikin ruwan da dare su nuna inda yake bi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun taɓa ganin kwalbatin da aka kashe kuɗi mai yawa aka gina, ruwa ya zo ya bi gefensa ya wuce, alhali da an tambayi kowane yaro a unguwar da ya nuna wurin da ya dace. Muna kuma roƙon taimako ya riƙa zuwa a kan kari. Muna godiya da shinkafa da barguna da ake kawowa bayan ɓarna, Allah Ya saka, sun share hawaye da yawa. Sai dai baro da shebur da takalman roba da ragar ƙarfe ta ɗaure duwatsu, idan suka iso a watan Afrilu, za su rage yawan buhunan shinkafar da za a buƙata a watan Satumba. Manyan ƙoramun da suka cike da yashi kuwa sai da injin haƙa, hannu ba ya iya musu. Waɗanda ya zama dole su tashi daga bakin tabki, a ba su wurin da ke da ruwan sha da lakwal da hanyar zuwa kasuwa, in ba haka ba damina na wucewa za su koma inda suka fito, kuma ba don taurin kai ba, don neman abinci. Itatuwan da ake dasawa ranar 3 ga Agusta kuma, a damƙa wa ƙungiyoyin unguwa amanar ba su ruwa da kare su daga dabbobi har su kama ƙasa, mun ɗauki wannan alkawari a gabanka da gaban sarakunanmu.

Mai girma Minista, an ce gani ya kori ji. Bayan ka huta ka sha ruwa, matasanmu za su yi maka jagora zuwa lungun da na ba ka labari, inda har yanzu shatin ruwan yake a jikin katangar masallaci, daga nan mu fita bayan gari ka ga jeren duwatsun da aka fara a wannan rani da ramukan rabin wata da ke jiran ruwan farko. Dattijuwar nan tana raye, ta ce lallai a kawo ka ƙofar sabon ɗakinta ta sa maka albarka.

Barka da zuwa Tahoua, ranka ya daɗe. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.