Me ke sa mutum ya sake yin odar abinci ta waya?

A watan Disambar 2023, Jumia Food da Bolt Food duk suka rufe harkar kai abinci a Najeriya. Watanni kaɗan kafin nan aka cire tallafin man fetur, kuɗin cika tankin babur ya ninka, naira kuma ta karye. Amma Chowdeck, da wasu matasa suka kafa a Legas a 2021, ya ci gaba da bunƙasa, Glovo ma yana nan. Sana'a ce mai ƙaramar riba, kuma abin da ke riƙe ta shi ne mutumin da ya yi oda yau, ya dawo gobe.

To me ke dawo da shi?

Ku duba tafiyar kwano ɗaya. Kun danna oda, gidan abinci ya karɓa, manhaja ta nemo mai babur mafi kusa. Daga nan agogo ya fara aiki. Mai jin yunwa zai iya haƙuri da minti 40 idan an faɗa masa minti 40 ne. Abin da ke ɓata masa rai shi ne a ce 25, awa guda ta wuce yana zuba ido a kan taswira, babur bai motsa ba. A watan azumi abin ya fi tsanani, domin kowa da magariba yake son nasa.

Sai adireshi. Unguwanninmu da yawa ba lambar gida. "Bayan masallacin Juma'a, layi na biyu, baƙin get." Mai babur ya yi ta kira, miya na hucewa. Kuma ba kowane abinci ke jure hanya ba: dafa-duka takan iso lafiya, amma soyayyen dankali ya saki, masa ta yi gumi a roba, miyar kuka ta malale cikin leda.

Farashi ma na da nasa. Manhaja na cire kamasho daga gidan abinci, shi ya sa wasu ke ƙara kuɗi a kan na shago. Idan aka ɗora kuɗin kawowa da na hidima a shafin ƙarshe, mai saye sai ya ji kamar an yi masa rufa-rufa.

A ganina, ranar da aka samu matsala ce ke raba gardama. An manta da naman da kuka biya, ko an kawo na wani. Akwai wanda zai amsa muku nan take? Kuɗinku zai dawo yau, ko sai kun yi mako kuna bibiya?

Wani abu kuma na damuna: sau da yawa mai babur ke shan tauraro ɗaya, wato mafi ƙarancin makin da mai saye ke bayarwa a manhaja, alhali a ƙofar kicin ya tsaya yana jira. Wannan maki na iya taɓa hanyar cin abincinsa. Idan za ku rubuta ƙorafi, ku fayyace: jinkiri ne, sanyi ne, ko wani abu ne babu a ledar.