Fijo: Daga Keke Zuwa Mota

Duk wanda ya taɓa shiga tashar mota a arewa ya san Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975. To, wannan zakin da ke goshinta ya girmi motar nesa ba kusa ba. A 1858 aka yi masa rajista, kuma a jikin zarto ake buga shi, don a nuna ƙarfin haƙoransa.

Iyalan Peugeot, wato Fijo, masu sarrafa ƙarfe ne a gabashin Faransa. A 1810 suka mai da wurin niƙan hatsinsu maƙera, suna yin zarto, daga baya har da injin niƙa kofi.

Armand Peugeot ne ya ja gidan zuwa harkar keke. A 1882 suka fitar da Grand Bi, keken nan mai ƙatuwar ƙafar gaba da 'yar mitsitsiyar ta baya. Kasuwa ta buɗe, amma hankalin Armand na kan abin hawa da zai tafi ba tare da an taka feda ba. A 1889 shi da wani injiniya mai suna Léon Serpollet suka nuna abin hawa mai ƙafa uku a baje kolin Paris, tururi ke tura shi. Tukunyar ruwan ta yi nauyi, sai ya koma wa injin fetur na Daimler a 1890.

Ku dubi hoton motocinsa na farko da kyau. Gangar jikin bututun ƙarfe ce, ƙafafun masu siraran wayoyi ne, sarƙa ce ke juya su. Hannun maƙerin keke ne ko'ina, kuma a ganina wannan rashin nauyin shi ya taimaki ƙaramin injin. A 1891 ma, tseren keke daga Paris zuwa Brest da dawowa wata motarsa ta bi a baya, ta ci fiye da kilomita 2,000, jama'a na kallo.

Duk da haka ɗan baffansa Eugène bai yarda a zuba dukiyar gida a mota ba. Suka raba gari a 1896, Armand ya kafa nasa kamfanin, ya gina masana'anta a Audincourt. 'Ya'yan Eugène ɗin kuwa daga baya suka shiga ƙera mota da sunan Lion-Peugeot, a 1910 kamfanonin biyu suka sake haɗewa.