Laccar da aka gabatar kan ziyarar filin yaƙin Verdun

To jama'a, assalamu alaikum, na baya kuna jina ko? Madalla.

Verdun dai wani ƙaramin gari ne a arewa maso gabashin Faransa, bakin kogin Meuse, nan ne Faransa da Jamus suka gwabza a yaƙin duniya na ɗaya tun daga 21 ga Fabrairu 1916 har 18 ga Disamba, wata goma cur ana luguden wuta a wuri ɗaya, mutum wajen 300,000 suka mutu banda masu rauni.

In Allah ya kai ka, kada ka fara da gidan tarihi, ka fara shiga dajin tukuna. Ƙasar har yau duk rami ne da tudu, rami da tudu, ciyawa ta rufe amma bata baje ba, aikin bama-bamai ne wannan, kuma za a ja maka kunne kar ka sauka daga hanya don har yanzu ana tono waɗanda basu fashe ba. Akwai ƙauyen Fleury, an karɓe shi an ƙwace sau 16, babu gida ko ɗaya yanzu sai 'yan alamu, nan gidan burodi yake, nan makaranta. Amma wai har gobe yana da magajin gari, ƙauyen da ba kowa!

Daga nan sai babban ginin Douaumont, inda aka tara ƙasusuwan sojoji kusan 130,000 da ba a gane ko su waye ba, Bafaranshe da Bajamushe a cakuɗe, akwai 'yan tagogi ta ƙasa da zaka leƙa ka gani da idonka. Wallahi mai raunin zuciya ya haƙura.

Abinda nafi so ku riƙe shi ne maƙabartar dake gaban ginin. Kabari sama da 16,000, a ciki akwai 592 na musulmi, an fuskantar dasu alƙibla. Faransa ta kwaso sojoji daga ƙasashen da ta mallaka, da na Arewacin Afirka da sojojin ƙasa da ake cewa tirayar na Senegal, alhali ba duka 'yan Senegal bane, daga ko'ina a Afirka ta Yamma aka ɗebo su, da yawa ma dole aka yi musu. Suna cikin waɗanda suka ƙwato sansanin Douaumont ranar 24 ga Oktoba 1916, amma sai a 2006 Shirak, shugaban Faransa na lokacin, ya buɗe ginin tunawa da sojoji musulmi a wurin, bayan shekara 90 kenan fa.

Kuma a wannan Disambar da aka gama Verdun ne Kawusan, jagoran Abzinawa, ya yiwa Faransawa ƙawanya a Agadas, wannan sai zama na gaba. Malam mai tambaya can, a miƙa masa makirfo.